Nauyin kwatance: lambar da ake auna fetur da gwal da ruwan batir da ita, da inda take gazawa

A watan Fabrairun 2022 dogayen layukan motoci suka dawo gidajen mai a Abuja da Legas, daga baya abin ya bazu zuwa sauran jihohi. Dalilin da hukumomi suka bayar shi ne an shigo da fetur daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, dole aka janye shi daga kasuwa. Kafin a janye, injinan wasu motoci sun riga sun sha. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce takardun gwajin da aka yi wa man a inda aka yi lodinsa sun nuna ya cika sharuɗɗan Najeriya, kuma gwajin da aka saba yi, can da nan, bai haɗa da auna yawan metanol ba.

Wannan bayani ya bar mutane da tambaya: to me ake aunawa ke nan? Cikin abubuwan farko da ake dubawa a kowane jirgin mai da kowace tanka akwai wata lamba guda, wadda ma'aikatan daffo ke kira densiti. A nan za a kira ta nauyin kwatance. Da ita ake sanin kuɗin mai, da ita maƙerin zinariya ke tantance gwal, da ita mai gyaran batir ke gane batir ya mutu ko da sauransa. Amma tana da iyaka, kuma a bakin iyakar ne fetur ɗin 2022 ya kuɓuce.

Mene ne nauyin kwatance?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar jarka ya san amsar da hannunsa. Jarka mai lita 25 idan aka cika ta da ruwa, abin da ke ciki kilo 25 ne. Idan fetur ne, kilo 18 da ɗoriya. Man gyaɗa wajen kilo 23. Zuma kuwa ta kai kilo 35. Jarka ɗaya, cika ɗaya, nauyi dabam-dabam.

Nauyin kwatance shi ne a ɗauki nauyin abu a raba da nauyin ruwan da zai cika mazubi iri ɗaya. Ruwa shi ne ma'auni, lambarsa 1. Fetur yana tsakanin 0.72 da 0.78, kananzir wajen 0.80, dizal 0.82 zuwa 0.86. Ruwan teku 1.025 ne saboda gishiri. Yashi 2.65, ƙarfe kusan 7.9, azurfa 10.5, dalma 11.3, zaiba 13.6, tsantsar gwal 19.3. Abin da lambarsa ta gaza 1 zai yi iyo a kan ruwa, wanda ta wuce 1 zai nitse.

Akwai wani ruɗani da ake yawan yi, wato haɗa nauyi da kauri. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, yana zuba a hankali, amma a saman miya yake zama. Zaiba kuma tana gudu kamar ruwa, alhali idan aka jefa dunƙulen ƙarfe a cikinta iyo zai yi. Kauri wani abu ne dabam, da na'urar gwajinsa dabam.

Abin da ya sa injiniyoyi ke son wannan lamba shi ne ba ta da ƙabila. Mai awo da kilo da mai awo da fam, mai lita da mai galan, duk lamba ɗaya za su samu, tunda raba nauyi da nauyi ake yi. Kuma ba ta damu da yawan abu ba: ɗigon fetur da tankar fetur lambarsu ɗaya.

Daga kambin sarki zuwa kwalbar gilashi

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. An ce Sarki Hiyero ya ba maƙeri gwal ya ƙera masa kambi, sai ya yi zargin an sirka da azurfa, ya nemi a gano gaskiya ba tare da an narka kambin ba. Masana tarihi suna da ja a kan yadda aka tsara labarin, domin an rubuta shi ne kimanin shekara 200 bayan mutuwar Arkimidis. Abin da ba a ja a kansa shi ne ƙa'idar da ya bari: abin da aka tsoma a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture.

Malaman duniyar Musulunci ne suka mayar da ƙa'idar aikin awo na ƙwarai. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani mazubi mai ɗan bututu a wuya, yana jefa ƙarfe ko dutse mai daraja a ciki, ya tari ruwan da ya malalo ya auna. Wasu daga lambobin da ya samu kusan su ne na yau. Bayansa al-Khazini, a birnin Marwa da ke Turkmenistan ta yau, ya haɗa wani sikeli mai faranti biyar wajen shekarar 1121, musamman don gane gwal na gaske da na jabu.

Na'urar da aka fi amfani da ita yanzu, haidiromita, ba ta da wani abin mamaki: siririyar kwalbar gilashi ce da aka sa wa nauyi a gindi, aka yi mata zane-zanen lamba a wuya. A tsoma ta cikin ruwan da ake son aunawa. Idan mai nauyi ne za ta taso, idan marar nauyi ne za ta nitse sosai, sai a karanta lambar da ke daidai saman ruwan. Ba lantarki, ba batir. Matar da ke sayen ƙwan zabi ta tsoma su a ƙwaryar ruwa, ta ware wanda ya taso, wannan aikin take yi. Haka mai regen shinkafa da ke bari tsakuwa ta kwanta a gindin ƙwarya.

Inda kuɗi suke

A kasuwar duniya da tan ake sayen tataccen mai, a gidan mai kuwa da lita ake sayarwa. Gadar da ke tsakanin tan da lita ita ce wannan lamba. Tsohon jadawalin farashin fetur na PPPRA, tsohuwar hukumar tsara farashin mai ta Najeriya, yana lissafin lita 1,341 a tan ɗaya. Amma fetur ba iri ɗaya ba ne. Wanda lambarsa take 0.73 zai ba da kusan lita 1,370 a tan, mai 0.77 kuwa bai kai 1,300 ba. Tazarar lita 70 ke nan. A jirgi mai ɗauke da tan 30,000, tazarar ta haura lita miliyan biyu, kuma duka man biyu halastattu ne.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya saya da tan ya fi son fetur marar nauyi, domin litocinsa sun fi yawa. Direba kuma, ko bai sani ba, ya ɗan fi cin riba da mai nauyi, tunda ƙarfin mai yana bin nauyinsa ne, ba cikarsa ba.

Ɗanyen mai ma haka ne, sai dai masana'antar ta juya lambar zuwa wani ma'auni da ake kira API, sunan cibiyar man fetur ta Amurka. A raba 141.5 da nauyin kwatance, a cire 131.5. Ruwa yana faɗawa a 10, kuma duk sanda lambar ta hau, man ya ƙara rashin nauyi. Wanda ya wuce 31 ana kiransa marar nauyi, wanda bai kai 22 ba mai nauyi. Bonny Light na Najeriya yana wajen 33 zuwa 35, Brent na Tekun Arewa da ke Turai wajen 38, Merey na Benezuwela kuma 16. Marar nauyi ya fi ba da fetur da dizal da kananzir cikin sauƙi, shi ya sa ya fi tsada. Wannan ne kuma ya warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai: me ya sa matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta riƙa sayo ɗanyen mai daga waje alhali ƙasar na haƙo nata? Sashenta na man shafawar inji da kwalta yana buƙatar wani irin ɗanyen mai da ya fi na gida nauyi, shi ya sa aka riƙa kawo shi daga Benezuwela da ƙasashen Larabawa.

Kuskure a wannan lissafi ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. A ranar 23 ga Yulin 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton. Yana buƙatar kilo 22,300 na mai. Ma'aunin man jirgin ya lalace, sai aka auna da sanda, aka samu yawan litoci. Wajen mayar da lita zuwa nauyi aka ninka da 1.77, wato lambar fam, a maimakon 0.8, lambar kilo. Jirgin ya tashi da abin da bai kai rabin buƙatarsa ba. Injina biyu suka mutu a sama, matuƙin ya lallaɓa da shi ba inji har ya sauka a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli na Kanada. Mutum 69 ke ciki, ba wanda ya rasu.

Rigimar zafi

Mai yana kumbura da zafi. Fetur yana ƙaruwa da kamar lita ɗaya a cikin dubu a duk digiri ɗaya. Don haka ba a faɗin nauyin kwatancen mai sai an faɗi zafin da aka auna shi, kuma a manyan cinikayya ana mayar da lissafi zuwa digiri 15. Tanka mai lita 45,000 da aka yi wa lodi da tsakar rana, idan man ya huce da digiri 10 kafin a sauke, za a ga giɓin da ya kai lita 450 ko fiye, ba tare da kowa ya taɓa ko ɗigo ba. Wani sashe na gardamar da ake yi tsakanin direbobin tanka da masu gidajen mai daga nan yake. Wani sashen kuma sata ce tsagwaronta, kuma auna zafi da nauyi a wurin lodi da wurin saukewa shi ne ke raba biyun.

A kan famfon gidan mai kuwa ra'ayi ya rabu. A Kanada yawancin famfuna suna da na'urar da ke daidaita lita zuwa digiri 15. Masu goyon baya na cewa adalci ke nan, kowa ya biya gwargwadon man da ya samu. Masu suka na cewa 'yan kasuwa sun rungumi na'urar ne saboda ƙasar sanyi ce, inda daidaitawar ke amfanarsu. A Amurka masu kare haƙƙin mai saye a jihohi masu zafi sun daɗe suna neman a sa ta, masu gidajen mai kuma suna cewa kuɗin sa na'urar zai koma kan farashi, kuma gasa ta riga ta shanye bambancin. A ƙasa mai zafi kamar Najeriya ko Nijar, daidaitawa zuwa digiri 15 mai saye za ta fi amfana, in dai ba a ɗaga farashin lita don cike giɓin ba.

Shawarar da ke yawo cewa a riƙa shan mai da sassafe ba ta da wani ƙarfi. Tankin gidan mai a ƙarƙashin ƙasa yake, zafinsa ba ya sauyawa sosai tsakanin asuba da azahar. Galan ɗin ɗan bumburutu da ya wuni a rana ne abin ya shafa.

Yadda metanol ya wuce

Lambar metanol 0.79 ce, kusa ƙwarai da ta fetur. A ce an ɗauki fetur mai 0.74 aka sirka shi da metanol kashi 20 cikin ɗari. Lambar gaurayen za ta koma wajen 0.75, tsakiyar abin da aka amince da shi. Haidiromita ba za ta ce komai ba. Ga shi kuma metanol yana ɗaga lambar okten, wadda ke nuna ingancin ƙonewar fetur a inji, don haka wannan gwajin ma zai ci. Ƙa'idar Turai ta yarda da ɗan kaɗan, kashi 3 cikin ɗari. Idan ya yi yawa sai ya jawo ruwa, ya rabu da fetur ya kwanta a gindin tanki, ya ci roba da wasu ƙarafan inji. Gano shi sai da gwajin sinadarai a ɗakin bincike.

Sirka fetur da kananzir ma haka take, kashi 20 cikin ɗari ba lallai ya fitar da lambar daga iyaka ba. Yawan farar wuta a dizal, wanda a kansa matatar Dangote da NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar tataccen mai a Najeriya, suka yi cacar baki a 2024, shi ma ba a ganinsa da wannan na'ura. Kananzir ɗin da aka sirka da fetur, wanda ke fashewa a fitila da risho, gwajin da ya fi kama shi shi ne na zafin da tururinsa ke kama wuta.

Ma'anar ita ce lambar tana iya kama mai laifi, amma ba ta iya wanke wanda ake zargi. Idan ta fita daga iyaka, tabbas akwai matsala. Idan tana ciki, abin da aka sani kawai shi ne ba a kama komai ba tukuna.

Indiya ta nemo wa wannan rauni dabara. A maimakon a tambaya ko lambar tana cikin faffaɗar iyakar fetur, sai a kwatanta ta da lambar da aka rubuta sanda aka sauke wannan man. Idan bambancin ya wuce 0.003, an taɓa shi. Gidajen mai suna ajiye haidiromita da ma'aunin zafi, kuma mai saye yana da damar cewa a gwada a gabansa. Wannan na kama algus ɗin da aka yi tsakanin daffo da famfo. Ba zai kama wanda aka yi tun kafin jirgi ya taso ba, irin na 2022.

Gwal da madara

Ana iya gwada gwal da ƙaramin sikelin dijital da kofin ruwa da zare. A auna awarwaro, a ce ya ba da giram 30. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin, a mayar da shi sifili. A ɗaure awarwaron da zare a tsoma shi ya nitse duka, kada ya taɓa gindi ko gefen kofin. Lambar da sikelin ya nuna ita ce nauyin ruwan da ya ture. Idan ta nuna 1.8, a raba 30 da 1.8, a samu 16.7, wato abin da ake tsammani ga gwal mai karat 21. Idan ta nuna 3.5, amsar 8.6 ce: tagulla ce aka yi wa ruwan gwal. Gwajin ba ya aiki ga abin da cikinsa rami ne ko wanda aka yi wa ado da duwatsu.

Masu algus ma sun san lissafin. Ƙarfen tangistin lambarsa 19.25, kamar tagwayen gwal. A 2012 wani ɗan kasuwa a New York ya huda sandunan gwal da ya saya, ya tarar cikinsu tangistin ne. Shi ya sa manyan dillalai ke ƙarawa da wasu na'urori.

A wuraren haƙar gwal na Zamfara, wannan bambancin nauyi shi ne sana'ar gaba ɗaya: a niƙa dutse, a wanke, yashi mai 2.65 ya tafi da ruwa, gwal ya kwanta. Sai dai ma'adinin dalma shi ma mai nauyi ne, wajen 7.5, yana kuma zama tare da gwal a wasu duwatsun. Ƙurar irin waɗannan duwatsu da aka riƙa niƙawa a cikin gidaje ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a annobar gubar dalma da aka gano a 2010.

Madarar shanu tana tsakanin 1.028 da 1.034, kuma cibiyoyin karɓar madara suna tsoma na'ura don gane wadda aka ƙara wa ruwa. Dabarar kaucewa tsohuwa ce: a kwashe man, lambar ta hau, a zuba ruwa, ta sauko daidai. Laifi biyu, ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri, sai an auna yawan mai sannan a gane.

Batirin sola

A nan lambar ba ta da abokin gardama. Ruwan batirin dalma gaurayen asid ne da ruwa. Idan batir na aiki, asid ɗin yana shiga farantan dalma, ruwan ya rage nauyi. Idan ya yi caji ya dawo. Cikakken batir yana nuna wajen 1.24 zuwa 1.28, gwargwadon ƙirarsa, wanda ya ƙare kuma wajen 1.12. Mita na iya nuna bolt mai kyau a batirin da ya gaji, amma haidiromita mai ɗan bulon roba tana zuƙo ruwan kowane gida na batirin dabam. Idan gida ɗaya ya gaza sauran da 0.05, a nan cutar take. Ga mai sayen batir na hannu, wannan gwaji ya fi rantsuwar mai sayarwa, in dai ba a ɗura wa batirin sabon asid don ya yi kyau a ido ba. Wanda ruwan batirinsa ya ja baya, tataccen ruwa zai ƙara, ba asid ba, domin ruwan ne ke ƙafewa. Batirin litiyam da rufaffen batir ba a yi musu wannan gwaji.

Iska ma tana da nata

Ga iskoki, ma'aunin ba ruwa ba ne, iskar da muke shaƙa ce ke da lamba 1. Gas ɗin girki yana tsakanin 1.5 da 2, don haka idan tukunya na yoyo, ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a kwata. Buɗe taga ta sama bai wadatar ba, ƙofa ake buɗewa, kuma kada a taɓa makunnin lantarki. Iskar CNG, wato gas ɗin da ake matsewa a tukunya, da gwamnatin Najeriya ke ƙarfafa sa wa motoci tun 2023 lambarta wajen 0.6 ce, sama take yi ta watse a fili, amma a rufaffen gareji za ta taru a ƙarƙashin rufi. Haɗarinta ya fi yawa ta wajen matsin da ke cikin tukunyar. Iskar kabon da ke taruwa a gindin tsohuwar rijiya 1.5 ce, shi ya sa mai yasa ke sumewa a ƙasa alhali na bakin rijiya bai ji komai ba.

Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Idan tanka ta faɗi, man yana bin magudana a saman ruwa, tururinsa kuma yana rarrafe a ƙasa, ya yi nisa da inda ido ke ganin man. A daren 15 ga Oktoban 2024, a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutane na ɗibar fetur daga magudanar da ya malala ciki wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. A irin wannan wuta ruwa ba ya taimako: fetur mai lamba 0.74 zai hau kan ruwa mai lamba 1, ruwan ya ɗauke shi da wutarsa ya kai inda da ba ta kai ba. Shi ya sa 'yan kwana-kwana ke fesa kumfa, wadda ta fi fetur rashin nauyi, ta zauna a kansa ta toshe masa iska.